Wa Ya Rubuta Faɗuwar Lex Luger?

Makon nan layi ya zo kaina, kuma na san da wasu sun ga kan maganar za su ce me ya haɗa zauren marubuta da resilin. Ku bi ni zuwa ƙarshe, in kun ga na ɓata hanya sai ku dawo da ni.

Abin da ya tayar mini da maganar wata ɗabi'a ce ta masu kallon resilin, ta jera sunayen 'yan wasan da aka sa wa rai amma wai suka ba da kunya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo, ko ya yi hayar kaset a shagon unguwa zamanin da Andataka ke tashe, ya san irin hirar. Wani zai ce wane ga jiki ga ƙarfi amma bai tsinana komai ba. Wani ya ce ai dama ba shi da zuciya. Na uku ya rufe da cewa ba shi da rabo. A tashi a kan haka, kowa ya gamsu. Turawa ma haka suke yi, su jera su goma-goma kamar masu laifi a gaban alƙali.

Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma a ganina marubuci ya fi kowa cancantar ya ƙi shi, domin resilin rubuta shi ake yi. Jimlar nan ta "bai kai inda aka zata ba" tana ɓoye mutane biyu: wanda ya yi zaton, da wanda ke riƙe da alƙalamin da zai kai ɗan wasan ko ya hana shi kaiwa. A kamfanin resilin sau da yawa su biyun mutum ɗaya ne, kuma ban taɓa ganin sunansa a cikin jerin masu ba da kunya ba.

Kada wani ya ce ƙage nake yi. A watan Fabrairun 1989 kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗantarwa ne, ba gasar gaske ba, don a cire shi daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan wasanni irin su dambe. Da bakinsu suka faɗa. Faɗuwa ta gaske ce, ciwo na gaske ne, ƙashi yana karyewa, amma wanda zai ci da wanda za a ci an gama tsara shi tun kafin a kunna fitilu. Ku kwatanta da kokawar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975. Can idan ɗan kokawar Dosso ko na Maraɗi ya shekara goma ana sa masa rai bai ɗauki takobi ba, kana da hujjar cewa ƙarfinsa ko dabararsa ce ta gaza, tun da babu wanda ya rubuta masa faɗuwa. A resilin ba ka da wannan hujja. Mutum ba ya ɗaukar kambu sai an rubuta masa.

Mu fara da Lex Luger, tun da shi ake fara kira duk lokacin da aka buɗe wannan babi. A watan Yunin 1993 Hulk Hogan ya rasa kambu a hannun Yokozuna, daga nan ya bar kamfanin. Hogan ne ya riƙe kasuwarsu kusan shekara goma, don haka hankalin mai kamfani, Vince McMahon, ya tashi, ya shiga neman wani Hogan ɗin. A lokacin Luger yana fitowa ne a matsayin mugu mai son kansa, wanda ke shigowa ana riƙe masa madubi yana kallon ƙwanjinsa. Wannan rawa ta dace da shi, don fuskarsa da tafiyarsa na mai ji da kai ne. Rana ɗaya aka tuɓe masa wannan riga aka sa masa ta Hogan. Ranar 4 ga Yulin 1993, ranar 'yancin Amurka, aka sauke shi daga jirgi mai saukar ungulu a kan wani tsohon jirgin ruwan yaƙi a New York, ya ɗaga Yokozuna mai nauyin sama da kilo 200 ya buga da ƙasa. Aka ba shi doguwar bas mai launin tutar Amurka, ya yi makonni yana zagaya garuruwa yana gaisawa da jama'a kamar ɗan takara.

Duk wannan shiri don dare ɗaya aka yi shi, 30 ga Agustan 1993, a wasan SummerSlam. Kowane yaro da ya taɓa sauraron tatsuniya ya san abin da ya kamata ya faru a daren. Sai aka rubuta cewa Luger zai daki Yokozuna ya faɗo wajen igiya, alƙalin wasa ya ƙirga goma bai dawo ba. Luger ya ci wasa, amma a dokar resilin kambu ba ya sauya hannu da irin wannan ci. Duk da haka aka saki balan-balan daga sama, abokansa suka ɗaga shi a kafaɗa ana ta murna, alhali kambun yana hannun wanda ke kwance a ƙasa. 'Yan kallo ba wawaye ba ne. Daga wannan dare Luger ya zama jarumin da ke biki a kan abin da bai samu ba. A watan Maris na 1994, a WrestleMania ta goma, Bret Hart ne ya karɓe kambun daga Yokozuna, Luger kuwa har ya bar kamfanin a 1995 bai taɓa riƙe shi ba.

To, don Allah a cikin wannan labari ina laifin Luger? Shi ya ce a sa masa rigar Hogan? Shi ya rubuta ƙirgen goma? Idan ɗayanmu ya kawo littafi ya gina jarumi babi ashirin, ya tara mu a ranar ɗaurin aure, sannan ya ce an fasa amma a ci gaba da rabon goro, marubucin za mu tuhuma, babu wanda zai tuhumi angon. Mutumin nan ya riƙe kambun duniya na kamfanin WCW a 1991, ya sake ɗaukarsa daga hannun Hogan kansa a watan Agustan 1997, zauren ya kaure da ihu, sannan bayan kwana biyar aka rubuta ya mayar. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya ba da aron ya fi kowa sanin haka.

Na biyu ya fi ci mini rai. A ƙarshen 2004 WWE ta fito da wani matashi da suna Muhammad Hassan. Sunansa na gaskiya Marc Copani, jinin Italiyawa ne. Rawar da aka ba shi da farko tana da ma'ana: Balarabe haifaffen Amurka wanda ya gaji da kallon zargi da ake yi masa tun bayan harin 11 ga Satumban 2001. Yana tsayawa a tsakiyar dandali yana cewa shi ma ɗan ƙasa ne kamar kowa, 'yan kallo suna yi masa ihu, ihun nasu kuma yana tabbatar da abin da yake faɗa. Wannan bos ne mai gaskiya a bakinsa, irin wanda kowane marubuci ke mafarkin ƙirƙirowa. Yaron ya iya magana, ya iya riƙe zaure, cikin 'yan watanni har an haɗa shi da Hogan da Shawn Michaels.

Sai marubutan suka yi ragwanci. Maimakon su bi hujjar da suka gina, suka koma ga abin da ya fi sauƙi. Aka shirya wani fage inda wasu mutum biyar masu rufe da fuska suka far wa Andataka da kulake da waya, Hassan yana durƙushe a gefe kamar mai addu'a. Wato mutumin da duk kukansa shi ne a daina kiransa ɗan ta'adda, aka mayar da shi ɗan ta'adda. An ɗauki shirin ranar 4 ga Yulin 2005, aka nuna shi ranar 7 ga wata, ranar da bama-bamai suka tashi a Landan suka kashe mutum 52. Tashar UPN da ke nuna shirin ta ce ba ta son sake ganinsa. Kafin watan ya ƙare aka sa Andataka ya jefa shi ta cikin dandamali, aka rufe babinsa, a watan Satumba aka sallame shi, bai ko cika shekara 25 ba. Waɗanda suka rubuta fagen suka koma ofis washegari. Shi ya koma karatu, ya zama malami, har ya zama shugaban makaranta a jihar New York. Yau sunansa yana cikin kusan kowane jeri na waɗanda ba su kai ba, sunayensu kuwa ko saninsu ba a yi ba.

Ga kuma Wade Barrett, ɗan Ingila. Ranar 7 ga Yunin 2010 ya jagoranci wasu sababbin 'yan wasa bakwai, suka kewaye John Cena, suka yi masa duka, suka wargaza dandalin har igiyoyi. An daɗe ba a ga abin da ya girgiza masu kallo haka ba. Bayan wata biyu, a SummerSlam, aka haɗa ƙungiyarsu ta Nexus da ta Cena, bakwai da bakwai. Aka buga kan Cena da dandaryar siminti, amma cikin 'yan mintuna ya farfaɗo ya gama da biyun da suka rage shi kaɗai. Edge da Chris Jericho, waɗanda suke ɓangaren Cena a daren, sun faɗa daga baya cewa ba su goyi bayan wannan ƙarshe ba. Barazanar da aka yi wata biyu ana ginawa ta mutu a fage ɗaya, don an ji tsoron jarumi ya sha ƙasa ko sau ɗaya. Mu ma muna da wannan ciwo. Nawa ne cikinmu ke iya barin jarumarsa ta yi asara ta gaske a tsakiyar littafi?

Bari in kawo na kusa da gida. Apollo Crews, wanda sunansa Sesugh Uhaa, an haife shi a Amurka, iyayensa 'yan jihar Binuwai ne. Ga jiki, ga tsalle kamar ba shi da nauyi. Watanni kaɗan ya yi a NXT, makarantar kamfanin, aka ɗauko shi zuwa babban dandali a Afrilun 2016 ba tare da an ba shi labari ba. Ya yi shekaru yana shigowa da murmushi yana fita da murmushi, babu wanda ya san me yake so ko me yake tsoro. Da aka tashi ba shi labari a 2021 sai aka miƙa masa mashi, aka rataya masa gyale mai launin kore da fari, aka ce ya riƙa karya harshe wai irin na 'yan Najeriya. A WrestleMania ta shekarar aka shirya masa abin da suka kira faɗan gangunan Najeriya, aka zagaye dandali da ganguna. Ku da kuke Najeriya, a wane gari ake wannan faɗa? Ya ci kambu a daren, bayan wata huɗu aka karɓe, a 2022 ya koma NXT ya ajiye mashin da karyayyen harshen. Wannan aikin marubucin da bai yi bincike ba ne, ya ɗauki ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ya taƙaita ta a mashi da ganga.

Wani zai ce ai gwani ko a wace riga gwani ne, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan karin magana shi ne nake faɗa da shi a yau, kuma tarihin resilin kansa ya ƙaryata shi. A 1995 akwai wani dogo mai suna Glenn Jacobs da aka ba rawar likitan haƙori mai ruɓaɓɓun haƙora. A 1996 aka sa shi kwaikwayon Diesel, wani ɗan wasa da ya bar kamfanin, mutane suka yi ta yi masa dariya. A Oktoban 1997 aka rufe masa fuska aka ce ƙanin Andataka ne da aka zata ya ƙone a gobara. Shi ne Kane, ya yi sama da shekara ashirin ana jin tsoronsa. Steve Austin kamfanin WCW ne ya kore shi ta waya a 1995 yana jinyar rauni, WWF ta ɗauke shi ta ba shi suna marar gishiri, ta haɗa shi da mai yi masa magana, shi da bakinsa ne jarinsa. Da aka sakar masa baki a 1996, cikin shekara biyu ya zama wanda kamfanin ke ci da sunansa. The Rock da ya fara fitowa a Nuwamban 1996 da murmushi da riga mai ratsi-ratsi, zaure guda ya riƙa yi masa fatan mutuwa. Da an tsayar da agogo a kan waɗannan ukun a ranar Larabarsu, da suna cikin jerin masu ba da kunya. Mutanen ba su sake jiki ba, rubutun aka sake.

Drew McIntyre ya fi su nuna abin a fili. A 2009 McMahon da kansa ya fito gaban kyamara ya nuna shi ya ce ga zakaran duniya na gobe, aka laƙaba masa sunan zaɓaɓɓe, yana ɗan shekara 24. Zuwa 2012 an jefa shi cikin wata ƙungiyar barkwanci ta mutum uku masu kwaikwayon mawaƙa, aikinsu a doke su. A Yunin 2014 aka sallame shi. Ya koma Scotland, ya riƙa wasa a ƙananan zauruka a Birtaniya da Amurka, inda babu mai ce masa zaɓaɓɓe, sai dai aikinsa ya ciyar da shi. Ya dawo a 2017, a 2020 ya doke Brock Lesnar ya ɗauki kambun, a zauren da babu ɗan kallo ko ɗaya saboda korona. Tsakanin annabcin da cikarsa shekara goma sha ɗaya, kuma sai da ya fita daga inuwar annabcin ya koyi aikin.

Ba na son in yi abin da nake zargin wasu da shi, in tara kowa a kwando ɗaya. Akwai waɗanda da hannunsu suka ɓata. Jeff Hardy ya fito babban wasan kamfanin TNA ranar 13 ga Maris 2011 ba ya cikin hayyacinsa, dole Sting ya danne shi aka gama wasan bai kai minti biyu ba, mutanen da suka biya kuɗinsu suna ihun takaici. Wannan babu marubucin da za a ɗora wa. Akwai kuma waɗanda ƙaddara ta riga fata. Magnum T.A. ana shirya shi ne don kambun duniya na NWA lokacin da motarsa ta kwace a cikin ruwan sama a Charlotte, ranar 14 ga Oktoban 1986, ta daki turken waya. Yana ɗan shekara 27, bai sake kokawa ba. Wanda ya sa sunan wannan bawan Allah cikin masu ba da kunya ya ji tsoron Allah.

Akwai kuma waɗanda da gaske ba su iya ba, kuma a nan ne labarin da ya fi shafarmu yake. A cikin wannan watan dai na Oktoban 1986, a garin Rochester, aka gwada wani ɗan Kanada mai suna Tom Magee. Ya zo na biyu a gasar ƙarfafan duniya ta 1982, ga tsawo, ga kyau, yana iya juyawa a sama ya dira da ƙafafunsa. Aka haɗa shi da Bret Hart, wanda a lokacin ba a ɗauke shi babban tauraro ba. Kamar yadda Bret ya ba da labari, ya tambaye shi abubuwa uku da ya fi iyawa, ya gina wasan gaba ɗaya a kansu, ya rufe masa duk sauran gibin, ya bari ya ci. McMahon ya kalla ya ɗauka ya sami magajin Hogan. Da aka haɗa Magee da wasu sai asiri ya tonu, naushinsa ba ya gamsar da kowa, bai san lokacin da ake yin abu ba. Kafin a je ko'ina an manta da shi. Kaset ɗin wasan ya ɓace sama da shekara talatin, sai a 2019 ya fito, kowa ya ga abin da ya faru da idonsa. Magee bai yi wa kowa ƙarya ba. Mai kamfani ne ya kalli mutum biyu a dandali ya kasa gane wane ne ke yin aikin, har sai a 1992 ya ba Bret kambun.

Kun ga ke nan jerin nan yana haɗa wanda aka rubuta wa faɗuwa, da wanda ya kayar da kansa, da wanda hatsari ya tsayar, da wanda aka yi kuskuren aunawa, ya yi musu hukunci ɗaya. Marubucin da ya kasa bambance waɗannan huɗun a rayuwar mutanen gaske, ta yaya zai bambance su a takarda?

Yanzu bari in juyo gida, don wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Abin da McMahon ya yi wa Luger da McIntyre muna yin sa a zaurukanmu kowane mako. Yarinya ta saki shafi uku na labarinta na farko, kafin magariba an naɗa ta sarauniyar marubuta. Yaro ya iya jera karin magana biyu, an ce ga magajin Abubakar Imam. Babu wanda ya ce mata babi na biyu ya saki zare, babu wanda ya ce masa jaruminsa ba shi da abin da yake nema. Ana ta zuba mata alamun wuta da na zuciya, ana cewa a ƙaro, a ƙaro, tana rubutu da dare tana saki da safe ba tare da ta sake karantawa ba. Littafi na biyu ya fito da irin kurakuran na farko, na uku ya fi su yawa, masu yabon suka koma kan wata sabuwa. Bayan shekara biyu sai ka ji ana cewa wance fa ta lalace, ga baiwa amma ba ta kai ko'ina ba.

Ba daga nesa nake jifa ba. Akwai wani ƙanina a harkar nan da ya taɓa turo mini gajeren labari, na zauna na gyara shi layi-layi, na sake masa farko da ƙarshe, sannan na saka a wani zaure ina cewa ku zo ku ga sabon gwani. Ban gaya wa kowa yawan hannuna a ciki ba, shi ma ban zaunar da shi na nuna masa me na canza da dalilin canzawar ba. Aka yi ta yabonsa. Da ya saki na gaba shi kaɗai sai aka yi tsit, wasu har da habaici. Ya ɗauka baiwarsa ce ta gudu, ya daina rubutu. Na yi masa abin da Bret ya yi wa Magee, sannan na hau kujerar McMahon na yi shela. Har yau abin yana damuna, kuma shi ya sa ba na iya jin kalmar "ya ba da kunya" in yi shiru.

Shi kansa Imam ɗin da muke rabon gadonsa kyauta, ku duba yadda aka yi da shi. Ya shiga gasar rubutu ta 1933 yana malamin makaranta a Katsina, ɗan shekara 22. Da Rupert East ya ga alamar baiwa a Ruwan Bagaja, kiransa ya yi Zariya a 1936, ya zaunar da shi watanni yana aiki a kan Magana Jari Ce, ana karantawa ana gyarawa. Sai a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abin da ya samu shi ne edita, da lokaci, da aiki na gaba. Mu kuwa laƙabi muke bayarwa, don shi ne ba ya cin kuɗi ba ya cin lokaci.

Ga abin da nake roƙo, kuma da kaina zan fara. Mu daina kiran kowa magajin wani. Wanda aka ce masa sabon wane, an ba shi jarrabawar da ba zai taɓa ci ba, don wanen yana nan a zukatan mutane kuma ya riga shi. Idan sabon marubuci ya saki aiki, duk wanda zai yaba ya faɗi takamaiman wurin da ya yi kyau, ya kuma nuna wuri ɗaya da ke son gyara. Wanda ya gyara wa wani rubutu ya nuna masa gyaran, kada ya miƙa masa kammalalle ya bar shi yana zaton haka ya rubuta. Masu kula da zaure su daina matsa wa mutum ya saki babi kullum kamar gidan burodi. Kuma kafin mu ce wance ta lalace, mu koma mu karanta abin da muka rubuta a ƙarƙashin shafinta na farko, mu ga ko akwai jimla ɗaya da za ta iya amfani da ita.

Ku kuma ƙannena masu tasowa, idan aka naɗa muku rawani a makon farko ku yi godiya, ku ajiye shi a gefe. Magabata sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ku nemi mutum ɗaya da zai karanta muku da jan biro, ko da ba ya sakar muku fuska. Idan kuma an riga an naɗa ku an sauke, an daina ambatonku, ku tuna McIntyre shekara uku ya yi a ƙananan zauruka, kuma a can ya koyi abin da laƙabi ya hana shi koya.

Na san a zauren nan akwai masoya resilin da suka fi ni sani, akwai kuma waɗanda za su ce Luger dai bai iya magana ba, ko an ba shi kambun da bai riƙe kasuwa ba. Mai yiwuwa ne. Amma ba a ba shi ba balle mu gani, kuma wanda ya hana a gani shi ne ya fara cewa ga magajin Hogan. Mai ja ga fili nan a ƙasa, sai dai ya zo da suna da shekara, ya kuma gaya mana wa ke riƙe da alƙalami a ranar. Allah ya sa mu gama lafiya, sai mako mai zuwa idan da rai.